Mutum-mutumi a ajin firamare: a tambayi yaro kafin ya danna

Duk lokacin da na ga hoton yaran firamare sun zagaye ɗan mutum-mutumi suna tafi, abu ɗaya nake son sani: kafin a danna maɓallin tafiya, an tambayi yaron inda yake zaton na'urar za ta tsaya? In ba a tambaye shi ba, to wasa aka yi. Wasa kuwa ba laifi ba ne, sai dai kada a raɗa masa suna darasi.

Mu ɗauki Bee-Bot, wanda aka ƙera da siffar kudan zuma domin ƙananan yara. Maɓallansa a gadon baya suke: gaba, baya, juya dama, juya hagu, tafi, da na share umarni. Takunsa ɗaya santimita 15 ne, juyinsa digiri 90. A ɗora shi kan shimfiɗa mai zanen gida-gida, a ce wa yarinya 'yar shekara shida ta kai shi wurin fure. Za ta danna dama tana zaton zai matsa gidan da ke dama, shi kuwa sai ya juya a inda yake tsaye, bai ɗaga ko taku ɗaya ba. Ta sake shirya umarni, ta manta ba ta share na farko ba, kudan zuman ya haɗa tsoho da sabo ya fice daga shimfiɗar. Wanda ya fi burge ni shi ne idan ya fuskanto ta: damarsa ta koma hagunta, dole ta tashi ta tsaya a bayansa, ko ta juya jikinta, kafin ta gane.

A nan karatun yake. Na'urar ba ta tsawa, ba ta jan biro a littafi, abin da aka gaya mata kawai take yi. Yarinyar na kallon kuskurenta yana tafiya a ƙasa, sai ta koma ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya har ta gano inda ta kauce. Abin da manyan masu rubuta manhajar kwamfuta suke yini suna yi ke nan.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. Tun 1967 Seymour Papert, wanda ya yi aiki da Jean Piaget, masanin tunanin yara, a Janiba kafin ya koma jami'ar MIT ta Amurka, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro yaren kwamfuta na Logo domin yara, daga baya aka haɗa shi da na'urar da ake kira kunkuru, mai yawo a ƙasa tana zane. Papert kan sa yaro ya zama kunkurun da kansa, ya taka murabba'i da ƙafarsa sannan ya umarci na'ura. A 2006 masaniyar kwamfuta Jeannette Wing ta yi kira da a jera irin wannan tunani na warware matsala mataki-mataki tare da karatu da rubutu da lissafi, kuma daga 2014 Ingila ta sa shi a manhajar karatun yara tun daga shekara biyar.

Amma fa a yi hattara da zuzutawa. A 1984 masu bincike Roy Pea da Midian Kurland sun nuna cewa koyon rubuta manhajar kwamfuta ba ya juyewa da kansa ya zama iya tsara tunani a sauran fannoni. Sai malami ya gina gadar: ya nuna wa yaro cewa yadda ya yanka tafiyar kudan zuma mataki-mataki, haka zai yanka dogon lissafin rabawa.

Shi ya sa in aka ba ni zaɓi tsakanin ƙarin na'urori da horar da malami, malamin zan ɗauka ba tare da wani jinkiri ba. Wanda ya san aikin, da katunan kibiya da alli ma zai fara: yaro ɗaya ya zama na'ura, wani ya ba shi umarni, irin salon da Tim Bell na ƙasar New Zealand ya yaɗa na koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. In na'urar ta zo, yara huɗu sun isa guda ɗaya, muddin an raba aiki: mai jera katuna, mai hasashe, mai dannawa, mai bin sawu. A riƙa juya su kuma, don in aka ƙyale su, mai ƙarfin baki ne zai riƙe maɓallan har a tashi, sauran ukun suna kallo.