Na ce a karanta, wa ya ce a rubuta?

Har yanzu haushin katin memorin nan bai sake ni ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu nema wa kwamfutar uzuri. Bawan Allah ya ɗora katin a manhajar Linux da zaɓin ro, wato karatu kaɗai, ya faɗa mata ƙarara: duba kawai, kada ki taɓa. Ita kuwa da ta ga ba a rufe ext4 ɗin, wato tsarin ajiye fayilolin katin, yadda ya kamata ba, sai ta hau gyara, ta juye ragowar aikin da ke cikin kundinsa a kan katin da dama ransa ke hannun Allah. Sannu da ƙoƙari! Wa ya aike ki?

Wai ai an rubuta a bayanin umarnin mount, wanda ake ɗora kati da shi, cewa haka na iya faruwa, in ba ka so, sai ka ƙara zaɓin noload, ko ka kulle na'urar da blockdev --setro. To madalla. Wato sai na hana sau biyu kafin a ji ni?

Masana kuma za su kawo maganar NAND, irin ma'ajiyar da ke cikin katin: yawan karanta shafi ɗaya yana dagula cajin maƙwabtansa, shi ya sa UBI, mai kula da irin wannan ma'ajiya, wanda ya shiga Linux a 2007, yake kwashe bayanan zuwa wani wuri kafin kurakuran su fi ƙarfin gyara. Na ji. Amma wannan aikin can ƙasa ne, kwafe abin da ke nan yake yi, ba ya sauya maka ko harafi ɗaya. Kuma UBIFS, wani tsarin ajiye fayiloli da injiniyoyin Nokia suka gina tare da Jami'ar Szeged ta Hungary, in ka ɗora shi da ro yana ajiye gyaran har sai ka ba shi damar rubutu. Ashe dai ana iyawa!

Tsakani da Allah, wannan ba wasa ba ne. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, dalilin da ya sa muke kulle katin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ke nan, don kada wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Mai ceto hotunan bikin ƙanwarsa daga katin da ya fara lalacewa, duk rubutu ɗaya na iya zame masa na ƙarshe. An ce kada a rubuta, to kada a rubuta.

Ku kuma masu sayar da filashin da aka buga masa 64GB alhali cikinsa bai kai 8GB ba, ku ji tsoron Allah. Ranarku na nan tafe.