Dan Allah ki ci abinci in kin dawo daga motsa jiki

'Yan uwana mata na Jidda da Makka, maganar nan ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Tun da aka fara ba wa wuraren motsa jiki na mata lasisi a ƙasar nan a 2017 matanmu suka farka, wasu na zuwa jim, wasu kuma bayan isha'i za ki gansu a Kornish, bakin tekun Jidda, da kambas ƙarƙashin abaya suna ta tattaki, abin gwanin sha'awa wallahi. Amma sai ki ji mace na alfahari wai ita in ta dawo ruwa kawai take sha ta kwanta, don kar wahalarta ta tashi a banza. Haba Hajiya!

Jikin da kika gajiyar fa gyara yake jira, kuma furotin ne kayan gyaran, kamar giram 20 zuwa 30 bayan kin gama. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kin ga dafaffen ƙwai biyu da kofin laban, wato nono, kin kusa kaiwa, ki haɗa da dabino biyu ko uku ƙarfinki ya dawo. Ko ful, wato dafaffen wake, da rabin gurasar tamis, rabi fa na ce, don na san halin tamis in ya fito daga tanda da zafinsa.

Ita yunwar da kika danne ba inda take zuwa, laɓewa take yi. Ƙarfe ɗayan dare sai ta tashe ki, ga garin nan shaguna ba sa rufewa da wuri, kafin ki ankara an aiki yaro ya kawo shawarma da dankali da lemon gwangwani mai sanyi. Tafiyar rabin awa da sauri kalori wajen 150 take ƙonawa, gwangwanin nan ɗaya kusan 140 ne, ke yi lissafin da kanki. Shi ya sa na fi son mace ta dafa ƙwanta tun kafin ta fita, ta dawo ta tarar da shi.

Ki fara da ruwa dai, zafin Jidda da gumi na sa ƙishi ya yi kama da yunwa.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne 'yan matanmu. Mu da muke zubar da jini duk wata dama ƙarancin jini bai yi mana nisa ba, ga mu da son shayi kan abinci, shi kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Ki matsa lemon tsami a ful ɗinki, shayin ki bari sai an jima. Yarinya ta dinga gudu tana rage ci har jiri na ɗibarta, gashi na zuba, al'ada ta ɗauke wata da watanni, uwa kuma na murna wai ta yi shaf. Anti, wannan asibiti za ki kai ta gobe goben nan. Haka masu shayarwa da masu ciwon suga, ku fara zama da likita kafin ku taɓa abincinku.