Abokan Bishiya da Ke Ƙarƙashin Turɓaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, a cikin Suratu Ɗaha, aya ta 6, Allah Maɗaukakin Sarki Ya faɗa mana cewa abin da ke cikin sammai da abin da ke cikin ƙasa da abin da ke tsakaninsu nasa ne, sannan Ya ƙara da abin da ke ƙarƙashin turɓaya. Mukan karanta wannan ƙarshen ayar mu wuce, alhali kuwa a ƙarƙashin kowane daji akwai wata al'umma da ke aiki dare da rana, wadda da za a ɗauke ta da yawancin bishiyoyin da muke sha'awa sun tsumbure.

Wanda ya tone ƙasa a hankali a gindin ɗan tsiron bishiyar fayin, wato bishiyar nan mai ganye siriri kamar allura, ya ɗago ƙananan saiwoyinta ya kakkaɓe, zai ga bakin kowace saiwa ya kumbura ya yi gajere, wani ya rabu biyu, an lulluɓe shi da wata riga fara ko rawaya, kuma daga jikin rigar wasu zarurruka sun bazu cikin ƙasa, sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wannan riga da zarurrukan wata halitta ce dabam da bishiyar, 'yar dangin naman gwari ce, kuma naman kazan da ke ɓullowa bayan ruwan sama 'ya'yanta ne kawai, ita kuwa ainihin jikinta yana ɓoye. A shekarar 1885 wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, ya raɗa wa wannan haɗi suna maikoraiza, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin naman gwari da saiwa, ya kuma bayyana cewa zaman taimakekeniya ne, a lokacin da ake ɗaukarsa a matsayin cuta. Bishiya tana haɗa sukari a ganyenta da hasken rana, ta sauko da wani kaso nasa zuwa saiwa, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar, ta ciyar da abokin da ba ya ganin rana. Shi kuma yana kutsawa cikin ƙofofin ƙasa da saiwa ba za ta iya shiga ba, ya jawo mata ruwa da sinadaran fosfaras da naitirojin. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in tsirran doron ƙasa da irin wannan abota suke rayuwa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda waɗannan abokai suka bambanta. Akwai masu tsayawa a waje, su yi wa saiwa riga, su ratsa tsakanin ƙwayoyin halittarta ba tare da sun huda su ba. Su ne abokan fayin da bishiyar da Turawa ke kira ok da bishiyar turare da itatuwan dajin miyombo na kudancin Afirka, kuma nau'o'insu dubbai ne, har an ƙiyasta cewa nau'in bishiya guda, fir ɗin Daglas na Arewacin Amurka, yana iya ƙawance da kusan 2,000 daga cikinsu. Akwai kuma masu shiga har cikin ƙwayar halittar saiwa, su yi rassa a ciki kamar 'yar ƙaramar bishiya, a nan ake musayar abinci; waɗannan nau'o'insu da aka sani 'yan ɗaruruwa ne kacal, amma su ne ke hidimar mafi yawan tsirrai da bishiyoyin dazuzzuka masu zafi. Wani ya ƙware wajen miƙa dogon zare ya kawo ruwa daga nesa, wani kuma gwani ne wajen kwance abincin da ke ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye. Bishiya ɗaya takan riƙe iri-iri a lokaci guda, domin abin da wannan ya iya wancan bai iya ba.

Ya ɗan'uwa, dubi kanka a wannan madubi. Allah Ya buga misalin kalma mai kyau da bishiya mai kyau a Suratu Ibrahim, aya ta 24, kuma Ya fara ambaton tushenta tabbatacce kafin Ya ambaci reshenta da ke sama. Mu kuwa reshe muke kallo. Idan mutum ya samu ilimi ko dukiya ko muƙami, sai Shaiɗan ya riya masa cewa ƙoƙarinsa ne kaɗai, ya manta da mahaifiyar da ta tashi cikin dare ta yi masa addu'a, da malamin da ya koya masa harafin farko, da ma'aikacin da bai taɓa tambayar sunansa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Kai kuma da kake aiki a ɓoye ba a yaba maka, kada ranka ya ɓaci, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah Yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, wanda ba ya neman a san shi.

Kada kuma mu yi gaggawar raina halitta don ba ta yi mana amfani ba. Naman kazan da ya fi kowanne kashe mutane a duniya, wanda Turawa ke kira hular mutuwa, guba ce mai lalata hanta, amma ga bishiyar ok aboki ne mai ciyar da ita. Hikimar Mahalicci ta fi ƙarfin ma'aunin cikinmu. Har ila yau masu bincike sun nuna a shekarar 2011 cewa tsiro yakan ƙara sukari ga abokin da ya fi kawo masa fosfaras, shi ma abokin yakan fifita saiwar da ta fi ba shi, wato ko a cikin duhun ƙasa mu'amala tana tsayuwa ne a kan bayarwa da karɓa. Ina jin kunya idan na tuna yadda ɗan Adam, wanda aka saukar wa Littafi da ma'auni, yake son ya karɓa kullum ba tare da ya mayar ba.

A tsibirin Fwato Riko da ke yankin Karebiyan an shafe shekaru ana dasa bishiyar fayin, tsiron ya fito ya yi rawaya ya mutu, aka zuba taki aka yi ban ruwa amma abin ya ci tura. Sai a shekarar 1955 aka ɗebo ƙasa kaɗan daga gindin fayin a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, aka zuba wa wasu tsirrai, aka bar wasu. Waɗanda aka zuba wa suka yi kore suka miƙe, sauran kuwa suka ci gaba da ƙanjamewa, domin abokin da ke cikin wannan 'yar ƙasa shi ne abin da ya ɓace tun farko. Saboda haka wanda ya sare daji ƙurmus ya cinna masa wuta, ya sani cewa amanar da ya taɓa ta wuce itatuwan da ya gani sun faɗi, domin yawancin waɗannan halittu ba sa iya rayuwa idan babu saiwa mai rai, kuma tsiron da za a dasa a wurin bayan shekaru yana iya miƙa saiwarsa cikin ƙasa ya tarar babu mai karɓarsa.