Ƙarin Girma Ba Ya Cinye Albashi

A sakatariyar Katsina za ka ji ma'aikaci yana fargabar ƙarin girma, wai in ya haura mataki, haraji zai hau kan albashinsa gaba ɗaya. Ba haka lissafin yake ba. A dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 da ke bin wannan kuma kashi 18. Wanda kuɗin da ake yanka masa haraji a kai ya kai miliyan 3.2 a shekara, dubu 200 ɗin saman kaɗai ke shan kashi 18, jimillar harajinsa naira 366,000.

In takardar albashinka ta saɓa da ta abokin aikinka, duba kuɗin fansho da rangwamen hayar gida tukuna, don ana fitar da su kafin a yanka haraji.