Ambaliyar Kerr: an bar jaki ana dukan taiki

Tun bayan ambaliyar da ta afka wa gundumar Kerr ta jihar Texas a Amurka ranar 4 ga Yulin 2025, akwai maganar da ake ta nanatawa har ta ishe ni: wai mutanen yankin ba su yanki inshorar ambaliya ba. Masu harkar inshora sai fitowa suke suna girgiza kai, suna cewa gidajen da ke da ita a gundumar 'yan ƙalilan ne, da jama'a sun yi hankali da ba su tashi a tutar babu ba. Ƙarancin gaskiya ne, ba na musu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da wannan babban darasi a gundumar da ruwa ya ci fiye da mutum 100 cikin 'yan sa'o'i.

Kogin Guadalupe ya ƙaru da kusan mita 8 cikin minti 45, da tsakar dare, mutane na barci. Yankin tuddai ne, ƙasar sama 'yar kaɗan ce, ƙarƙashinta dutse shimfiɗe. Ruwa in ya sauka ba ya samun inda zai nutse, sai ya gangaro gaba ɗaya ya cika ƙoramu ya danno kogi. Kowa a can ya san haka. A 1987 wannan kogin ya kashe matasa 10 'yan wani sansanin coci kusa da garin Comfort. Wato hatsarin ba baƙo ba ne, da shi aka tashi.

To me takardar inshora za ta yi wa wanda ruwa ya kai wa wuya ƙarfe huɗu na asuba? A sansanin hutun 'yan mata na Camp Mystic yara da masu kula da su 27 suka rasu, da yawansu 'yan shekara 8 da 9. Mai sansanin ma ya rasu yana ƙoƙarin fitar da su. Hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi tun ƙarfe 1:14 na dare, amma gargaɗin ta waya yake zuwa, a kwarin da layin waya ke yawan yankewa, a sansanin da ba a barin yara su riƙe waya. Babu jiniya ko ɗaya a bakin kogin a wannan yanki da za ta farkar da mai barci.

Kuma ba don ba a taɓa tunanin kafa ta ba. Tun wajen 2016 hukumomin gundumar suka tattauna batun na'urorin gargaɗi, aka kiyasta kuɗin kusan dala miliyan 1, aka nemi tallafi ba a samu ba, sai aka jingine maganar. Daga baya gundumar ta karɓi kusan dala miliyan 10 na tallafin gwamnatin tarayya bayan annobar korona, aka kashe su a wasu wurare. Garin Comfort da ke ƙasa da su, wanda bai manta 1987 ba, ya kafa jiniyarsa, ta yi kuka ranar, kuma ba a rasa rai a garin ba. Za a ce ai ruwan ya isa can ne bayan gari ya waye. Haka ne, amma wannan ba ya wanke wanda bai kafa komai ba.

Mu koma kan inshorar kanta, tun da ita ake ɗaga mana. A Amurka inshorar gida da aka saba ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Kamfanoni sun guje wa harkar tun da daɗewa saboda asara, shi ya sa a 1968 majalisar dokoki ta kafa shirin inshorar ambaliya na gwamnati, wanda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ke gudanarwa yanzu. Iyakar abin da yake biya a kan ginin gida dala 250,000 ne, a kan kayan ciki dala 100,000, kuma galibi sai an yi kwana 30 da saye kafin ta fara aiki. Wanda doka ta tilasta wa saye shi ne mai bashin gida da gwamnati ta tsaya wa, idan gidansa ya faɗa cikin yankin da taswirar FEMA ta shata a matsayin mai hatsari, wato inda yiwuwar ambaliya ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara.

Komai ya rataya a kan taswirar nan, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Mutumin da ya duba ya ga gidansa yana wajen layi, banki bai ce masa komai ba, dillali bai ce masa komai ba, me zai fahimta in ba cewa ba shi da matsala ba? Hukuma ce ta nuna masa haka da hannunta. Taswirorin da yawa sun tsufa, kuma an fi zana su don ambaliyar babban kogi da ta bakin teku, ba su cika kama ruwan sama mai sauka lokaci guda ya cika 'yar ƙorama ba. Sannan a dawo a ce laifinsa ne da bai saya ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ana iya gyara layin. Doka ta ba mai fili damar ɗaukar injiniya da mai awon ƙasa, ya shigar da ƙorafi a cire gininsa daga yankin hatsari. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa taswirar 2011 ta sa Camp Mystic cikin yankin, amma daga 2013 zuwa 2020 FEMA ta amince da buƙatun sansanin ta cire gine-gine kusan 30. Ba a karya doka ba, kuma matsalar ke nan. Mai kuɗin biyan injiniya yana fita daga taswira, nauyin inshora ya sauka daga kansa, ƙa'idojin gini su sassauta masa. Kogin kuwa ba wanda ya karkatar da shi ko taku ɗaya. Iyayen da suka kawo 'ya'yansu hutu ba su da hanyar sanin an yi wannan ciniki.

Masu cewa ruwan ranar ya wuce duk abin da taswira za ta iya hasashe suna faɗin abin da zai sa kowa ya wanke hannunsa ne kawai. Masu cewa a bar kasuwa ta sa farashi na gaskiya kuwa sun ga abin da ya biyo bayan sabon tsarin farashin da FEMA ta fara a 2021: kuɗin ya hau wa da yawa, wasu marasa ƙarfi suka ajiye inshorar, suka ci gaba da kwana a gidajen nan dai.

Shirin ma da ƙyar yake numfashi. A 2017 majalisa ta yafe masa bashin dala biliyan 16, duk da haka baitulmali na bin sa sama da biliyan 20. Wani kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne wajen sake gina gidajen da ruwa ya ci sau biyu, sau uku, a daidai inda suke. Shirin da ke biyan mutum ya koma bakin kogi ya sake aza tubali bai cancanci a kira shi maganin ambaliya ba.

Na damu da wannan ne don maganar tana ƙetarowa wurinmu. Makonni biyar kafin Kerr, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja, shi ma da asuba, mutum fiye da 150 suka rasu. Duk lokacin da irin haka ta faru sai ka ji wani ya ce mutanenmu ba su da al'adar inshora. Ƙasar da ta shafe sama da shekara 50 tana gwada wannan hanya, da duk arzikinta, ga inda ta tsaya. Wane kamfani ne zai yanka wa mai gidan laka a bakin kwari inshora, kuma da me zai biya?

A watan Satumbar 2025 gwamnan Texas Greg Abbott ya sa hannu a dokokin da suka taƙaita kwanar da yara a ɗakunan da ke hanyar ruwa, suka kuma tanadi kafa jiniya a yankunan da ambaliya ke zuwa bagatatan. Sai da yara suka mutu aka yi abin da aka sani tun 1987. Saura taswirar. Duk wanda ya nemi a cire gininsa daga yankin hatsari, a liƙa takardar a ƙofar shiga wurin, mai haya da mai saye da uban da zai ajiye 'yarsa su karanta. Gidan da ruwa ya ci fiye da sau ɗaya kuma gwamnati ta saye filin ta rushe, ta daina biyan kuɗin sake gina shi.