Masu hawa ƙarfen eriya, igiyar nan fa iri biyu ce

'Yan uwa masu harkar rediyon sha'awa da samarin da ake kira ɗaura eriya, don Allah mu yi wa kanmu faɗa. Mutum zai zuba kuɗi a eriya da kebul amma igiyar da zai rataya ransa a kai ta gwanjo ce, wani ma ta ɗaure kaya a mota yake hawa da ita, wallahi abin yana damuna.

Akwai gajeriya da kake zagaya ƙarfen da ita ka maƙala a zobban kwankwaso na ɗamarar da ka sa a jiki, aikinta kawai ta riƙe ka hannuwanka su samu damar ɗaure noti. Ba a yi ta don tare faɗuwa ba, hukumar OSHA mai kula da kare lafiyar ma'aikata a Amurka ma ta ce kar a saita ta yadda za ka zame fiye da ƙafa 2. Ta tare faɗuwa daban take, za ka ga wata 'yar jaka a jikinta, ɗamara ce a naɗe aka ɗinke, in ka faɗo ɗinkin ke ɓarkewa a hankali ya shanye fizgar kamar shokazoban mota. Ma'aunin Turai na irin wannan jakar, EN 355, ya ƙayyade fizgar kar ta wuce kN 6, kusan nauyin kilo 600 ke nan, to wanda ba shi da jakar fa, ƙashin bayansa ne zai karɓa gaba ɗaya. Ita igiyar tare faɗuwar a zoben tsakanin kafaɗu ake maƙala ta, jikin ɗamarar da ta kama cinya da kafaɗa, bel ɗin ƙugu zalla tun 1998 Amurka ta daina yarda da shi wajen tare faɗuwa.

Ka sayi ta tare faɗuwa mai reshe biyu, mai ƙugiya babba da ba ta buɗewa sai ka danna wuri biyu. Maƙala ɗaya kafin ka cire ɗaya, ko da wuce eriya za ka yi, nan ne ake yin ganganci a ce ai yanzu zan mayar. Maƙala sama da kanka a ƙarfe mai kauri, ba jikin eriyar ba. Kuma jakar nan tana iya miƙewa har mita 1.75, in kana ƙasa-ƙasa sai ka daki ƙasa kafin ta gama aikinta.

Duba ɗinki duk ranar hawa, rana na cin igiya. Wadda ta taɓa tare faɗuwa a yanka ta kar wani ya tsinta. Kuma a bar mutum a ƙasa wanda ya san yadda zai sauko da kai, don rataya cikin ɗamara na tara jini a ƙafafu, mutum na iya suma cikin mintuna kaɗan.