Tausayin kowa bai hana yaro cewa a'a ba

Na karanta wani labari da ya ce wasu iyaye suna fargabar darasin kare kai daga cin zarafi da ake koyarwa a makarantun Katolika zai sa yara su riƙa zargin kowa, alhali Coci tana koyar da tausaya wa dukan 'yan Adam. Ni ban ga saɓani ba, domin Basamariyen da ke cikin misalin Yesu a Linjilar Luka sura 10 ya ɗaure raunukan baƙo, amma ba a ce ya damƙa masa ɗansa ba. 'Yata tana aji huɗu a nan Garwa. An koya mata kada ta hau babur ɗin wanda ba mu aika ba, ta kuma faɗa mini idan babba ya ba ta alewa ya ce ta yi shiru, kuma har gobe tana durƙusawa ta gaida maƙwabta. Akwai kuma wani malami da ya rubuta cewa wannan darasi tozarta Coci ne, amma ai tun 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa kowace dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, ta samar da hanyar kai ƙarar cin zarafi. Abin da ya ɓata mini rai dabam ne: tunda Katekizim, littafin koyarwar Cocin Katolika, ya ce iyaye ne malaman farko, me ya hana a tara mu a nuna mana darasin kafin a fara?